Yadda Ake Ƙananan Sanwicin Kifi Da Za Su Ishi Gida Duka

Mu mutanen yankin Haɗeja ba a yi mana gorin kifi. Kogi na kusa, fadama na kusa, kasuwar kifin Haɗeja kuwa daga nesa ake zuwa sarin banda. Amma a gida mai yara da yawa, in aka soya tarwaɗa guda sai rabo ya zama shari'a: tsakiya ta maigida, kai na uwargida, yara a sallame su da wutsiya. Abin da ya kai ni ga wannan girki ke nan. Tarwaɗa mai kilo ɗaya tana ba ni ƙananan sanwici 16, kowa ya ɗauki nasa, ba mai leƙen hannun wani.

A Amurka ana ce musu silaida, wato ɗan burodi da bai wuce tafin hannun yaro ba, loma biyu ko uku. Da niƙaƙƙen naman shanu aka san su, kuma gidan abincin White Castle da aka buɗe a 1921 shi ya yi suna da su. Yarana dai "burodin kifi" suke cewa, ni ma haka zan kira shi.

Uwargida, da kwaɓin burodi za ki fara, don shi ne mai jira. Ki tankaɗe fulawa rabin kilo, kimanin kofi huɗu ke nan. Ki zuba yis ƙaramin cokali biyu, sukari babban cokali biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, man gyaɗa babban cokali uku. Ki kawo ruwan ɗumi kofi ɗaya da kwata, ɗumin da za ki iya yi wa jariri wanka da shi, don ruwa mai zafi kashe yis yake yi. Ki murza kwaɓin sosai na minti goma har ya daina kama hannu, ki rufe da leda ko tsabtataccen ƙyalle ki ajiye a wuri mai ɗumi. Da bazara kafin awa guda ya ninka. Da hunturu sai kin kai shi rana, kuma ki ƙara haƙuri.

Kafin ya tashi ki koma kan kifi, nan ne aikin yake.

Tarwaɗa na fi so, saboda ba ta da ƙananan ƙayoyin nan masu ɓuya cikin tsoka. In kin zare ƙashin baya da na haƙarƙari da na fiffike, kusan kin gama. Karfasa ta fi wa wasu daɗi, amma sai kin zauna kin tsince ta da kyau. Giwan ruwa tsoka ce zalla, in aljihun maigida ya kai. In kuma kasuwar ƙauyenku kifin ƙanƙara kawai ake kawowa, titus ma yana yi, sai dai ki rage mai don shi da maiƙonsa yake zuwa. Ko banda ce, ki jiƙa ta a ruwan zafi ta yi laushi, ki duba cikinta da kyau saboda ƙwari da yashi.

Yauƙin tarwaɗa shi ke korar mata da yawa, alhali maganinsa na nan a murhu. Ki barbaɗe ta da toka ki cuɗa, ki ɗauraye, ko ki kwara mata ruwan zafi yauƙin ya dunƙule ki kankare da wuƙa. Ki yi hattara da ƙayar nan ta gefen kai, sukarta ba daɗi. Sai ki fasa ciki, ki yanka gunduwa huɗu ko biyar, ki wanke da lemon tsami don ƙarni.

Ki sa kifin a tukunya da ruwa ɗan kaɗan, wanda bai sha kansa ba. Ki jefa albasa, citta, tafarnuwa, masoro da gishiri. Minti goma bayan ya tafasa ya isa. In ya daɗe zai dagargaje ya sha ruwa, kuma jiƙaƙƙen kifi ba ya dunƙuluwa. Ki tsame a faranti ya huce. Romon nan kada ki zubar. Ki mayar da kan kifin ciki, ki ƙara attaruhu da ɗan daddawa, kin sami farfesun maigida ba tare da kin sake fita kasuwa ba.

Yanzu ki wanke hannu, ki ɗauki tabarma ki zauna inda haske yake. Ba a tsince ƙaya da magariba, ba a kuma bai wa yara wannan aikin. Ki cire fata, ki ɓare tsokar, ki riƙa murza ta kaɗan-kaɗan tsakanin yatsu kina mayarwa wani kwano. Idan kin gama ki sake bi karo na biyu. Dalili kuwa, wanda aka miƙa wa gunduwar kifi ya san da ƙaya, a hankali zai ci. Wanda aka miƙa wa burodi kuwa gatsa zai yi ya haɗiye. Na taɓa yin gaggawa sau ɗaya, ƙaya ta maƙale wa autana a wuya, muka kwana ba barci sai da safe aka cire ta a asibiti. Tun daga ranar sau biyu nake bi.

Ki dafa dankalin Turawa matsakaita guda uku, ki tsane su, ki murƙushe tun da zafinsu. Shi ne ke sa kifin ya yi auki, kuma ya riƙe shi. Ki haɗa da tsokar kifin, ki zuba albasa ɗaya da kika yanka ƙanana, attaruhu ɗaya ko biyu da kika jajjaga, dunƙulen ɗanɗano biyu, ki ɗanɗana gishiri kafin ki fasa ƙwai. Ƙwai ɗaya za ki sa a ciki, ki ajiye na biyu. In haɗin ya yi ruwa ki barbaɗa fulawa cokali ɗaya ko biyu. Ki raba gida 16, ki mulmula kowanne ki danna shi ya yi faɗi kamar ƙaramar waina. Ki jera a tire ki rufe, su ɗan sha iska su kama jikinsu.

Zuwa yanzu kwaɓi ya tashi. Ki danna shi iskar ta fita, ki raba 16 shi ma, ki mulmula. Ki shafa mai a farantin ƙarfe ki jera su kusa da kusa, ta yadda in sun sake kumbura za su taɓa juna. Wannan haɗuwar ce ke sa gefensu ya yi laushi. Ki bar su minti ashirin, ki kaɗa ƙwan da kika ajiye ki shafe samansu.

Rashin na'urar gashi ba hujja ba ce. Ki zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa biyu a gindin babbar tukunya, ki ɗora a garwashi ki rufe har ta ɗau zafi. Ki ɗora farantin a kan yashin, ki rufe, ki ɗebi garwashi ki zuba a kan murfi don saman ya yi ja. Minti 15 zuwa 20. Kada ki riƙa buɗewa kina leƙe, zafin ne ke gudu. Hanci zai gaya miki. In farantin bai ɗauki duka ba ki gasa sau biyu. Ranar da ba ki da lokacin duk wannan, ki aiki yaro ya sayo gurasa ki yanka kowace gida huɗu ki tsaga. Wallahi wani lokacin ta fi burodin shiga da kifi.

Suya ba ta da wuya. Ki turbuɗa kowane dunƙulen kifin a fulawa ko garin busasshen burodi, ki kakkaɓe. Man gyaɗa ya kai rabin kaurinsu kawai, ba irin na ƙosai ba. Ki jefa ɗan yankan albasa, in ya fara ƙara nan take to mai ya yi. Minti uku kowane gefe, juyi ɗaya. Kada ki cika kasko, kada ki dame su da matsami kafin ƙasan ya yi ɓawo, in ba haka ba su watse miki.

Abin shafawa iri biyu ne. Na Turawa: mayonis babban cokali huɗu, albasa 'yar kaɗan, ruwan rabin lemon tsami, ɗan yaji. In ba ku da firiji ki sayi ƙaramin ƙunshi wanda zai ƙare a ranar, don buɗaɗɗen mayonis ba ya jure zafinmu. Namu na gida kuwa garin ƙuli-ƙuli ne da yaji, a dama da man gyaɗa da ɗan ruwa kamar za a yi bandashe. Ni wannan na fi so, kuma ba ya lalacewa da wuri.

Wajen haɗawa ne ake ɓata aikin yini guda. Ki tsaga burodin, ki kifa cikinsa a kasko mai ɗan mai har ya yi ja-ja. Ki shafa haɗin da kika zaɓa. Ganyen latas ko kabeji shi za ki fara sawa, wanda kika wanke da ruwan gishiri ya kuma tsane sarai, sannan kifi, sannan tumatir sirara da kika cire wa 'ya'ya, sai ki rufe. Tumatir in ya kwanta kai tsaye a kan burodi, kafin a yi sallar isha burodin ya koma tsumma. Haka in kika tura su cikin kula da zafinsu, tururi zai gama da su. Don haka kada ki haɗa sai kowa ya zauna. Masu soka tsinken sakace don ya riƙe, ku tuna ku zare kafin ku miƙa wa ƙananan yara.

Biyu na isar yaro, babba uku in da farfesu a gefe. Da zafi a sha da zoɓo, da sanyi a haɗa da shayi ko kunun gyaɗa. Abin da ya ragu na soyayyen kifin kada ya kwana cikin burodi. Ki ajiye daban, da safe ki sake ɗumama shi a kasko sosai.

Ranar da na fara yi, surukata ta dubi tiren ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, wannan abincin 'yan boko zai riƙe ciki?" Na ce, "Inna, a dai taɓa." Ta ci ɗaya, ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu, sannan ta ce a rufe uku a kwano a kai wa Malam zaure kafin jikokin nan su share tiren.