Cin abinci bayan tiyatar rage ƙiba: jagora ga mutanen Zango

Tiyatar rage ƙiba iri biyu ce aka fi yi. A ta farko, wadda likitoci ke ce wa silib, ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba, yana ɗaukar mililita 100 zuwa 150. Ƙaramin gwangwanin madara ya fi shi faɗi. A ta biyu, wato baifas, ana ware 'yar jaka a saman tumbi mai ɗaukar kamar mililita 30, a haɗa ta da ƙaramin hanji kai tsaye. Duk wanda aka yi wa ɗaya daga ciki, ko a Nima yake ko a Aboabo, sai ya sake koyon cin abinci tun daga farko.

Makonni biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai: ruwa, romon kifi ko kaza da aka tace ba barkono, madara marar sukari. Mako na uku da na huɗu sai abin da aka markaɗa ya yi laushi kamar kunu, cokali biyu zuwa huɗu a zama ɗaya. Daga mako na biyar a shiga dafaffen ƙwai, karfasa da aka cire wa ƙaya, waken da ya dahu luguf. Wajen mako na takwas ne akasari ake komawa abinci sosai. Idan jadawalin likitanka ya saɓa da wannan, nasa za ka bi.

Inda mutanenmu suka fi samun matsala shi ne loma. Tuwon zafi da miyar ayoyo, banku, sakwara, duk mun saba mu mulmula mu haɗiye ba tauna. Sabon tumbi ba ya yafe wannan. Loma guda takan tsaya a ƙirji, yawu ya dinga tsinkewa, sai amai. A ajiye su na 'yan watanni, in an dawo musu kuma a gutsuri kamar ƙwayar gyaɗa, a tauna har ta narke. Shinkafar waakye da burodi ma suna cika wuri ba tare da sun ba jiki abin da yake nema ba, don haka a tsince waken da ƙwan da kifin a fara ci, shinkafa in an sami wuri. Tsire da busasshen nama su ne na ƙarshen dawowa. Kowane zama ya ɗauki minti 20 zuwa 30, a ƙaramin faranti naka kai kaɗai. Cin taro a kwano ɗaya yana da daɗi, amma hannu yakan bi saurin 'yan'uwa.

Jiki na buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80 kullum. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara kamar giram 8, kifi mai girman tafin hannu kusan giram 20. Wagashi ma yana taimakawa, dafaffe ba soyayye ba.

Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, tunda kowace rabin lita ce. A zuba a kofi a riƙa kurɓa, kada a matse leda a baki a kwankwaɗa. Ba a shan ruwa tare da abinci, sai bayan minti 30, domin ruwan yana cinye wurin abincin ko ya tura shi da wuri. A zafin Accra ƙarancin ruwa ba ya sallama: fitsari ya yi ja, kai ya yi ciwo, jiri ya taso. Lemon kwalba mai gas a bar shi.

Sukari kuwa, musamman bayan baifas, yakan zubo cikin hanji da gaggawa. Minti 10 zuwa 30 bayan kofin sobolo ko burkina ko koko mai zaƙi, sai zufa, bugun zuciya, murɗar ciki da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jininsa ya faɗi, jiki ya kama rawa.

Bitamin na har abada ne, ba na wata shida ba. Yawanci ana rubuta haɗaɗɗen bitamin, B12, bitamin D, sinadarin ƙarfe, da kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana. A raba ƙarfe da kalsiyam da awa biyu, don suna hana juna shiga jiki. Gwajin jini a wata na 3, na 6, na 12, sannan duk shekara. Zubar gashi tsakanin wata uku zuwa shida abu ne sananne, kuma yakan tsaya. Ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis don ciwon gwiwa suna iya jawo gyambon ciki, paracetamol ne madadinsu. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya koma a gyara masa magani da wuri, domin adadin da yake sha a da zai iya yi masa yawa. Mata su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18.

Azumi shi ne tambayar da ta fi damun mutane. A shekarar farko likitoci da yawa ba sa yarda, saboda tumbin ba zai iya ɗaukar ruwan yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur ba. A tambayi likita da malami tun kafin Ramadan ya kama, marar lafiya yana da sassauci. In an sami izini, dabino ɗaya ya isa, sai ruwa a hankali, sai romo.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: bugun zuciya sama da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani ko ciwon kafaɗar hagu, domin ɗinki na iya yoyo a makonnin farko. Haka kumburin ƙwauri ko sarƙewar numfashi, alamar daskarewar jini. Amai na kwanaki a jere yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa. A kira 112, ko a nufi sashen gaggawa na babban asibiti kamar Korle Bu a Accra ko Komfo Anokye a Kumasi, da takardar da ke nuna irin tiyatar da aka yi da ranar da aka yi ta.