Shawara ga mai son buɗe shagon kwamfuta da ƙaramin jari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga ƙannenmu da ke son fara wannan sana'a ta buga takardu da fotokwafi amma aljihu ba nauyi: don Allah kada ku fara da sayen babban injin fotokwafi. Nan kuɗin mutane da yawa ke nutsewa tun kafin kwastoma na farko ya leƙo.

Laftof na hannu mai lafiyar batir da firinta ɗaya sun isa. Ni dai na fi son tsohuwar HP LaserJet P1102, domin katirijinta 85A ana sake zuba mata hoda (garin tawadar da take bugu da shi), kuma masu gyaranta ba su da wuyar samu. Sai dai firintar laser tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, ƙaramar inbata ba ta ɗaukarta. In da sola za ka dogara, nemi mai tankin tawada irin Epson L3210. Wutarta kaɗan ce, tana buga kala, tana sikanin da kwafi, ga hoton fasfo. Amma kada ta yi kwanaki ba a buga komai ba, tawadar kan bushe ta toshe bakin.

Wuri kuwa ya fi kaya muhimmanci. Ko rumfa ce, kama ta kusa da makarantar gaba da sakandare, kotu ko sakatariyar ƙaramar hukuma.

Kafin ka yanke farashin shafi, lissafa takarda, hoda da man janareta. Kuma lokacin hunturu ka riƙa rufe injinan da ƙyalle, ƙura na saurin lalata robar da ke jan takarda.