Yadda ɗalibin Kaduna zai nemi tallafin karatu a manyan jami'o'in Amurka

Kafin ɗalibi ya cika kowace takarda, ya kamata ya bambance tallafi iri biyu: wanda ake bayarwa saboda hazaƙa, da wanda ake aunawa da ƙarfin aljihun iyaye. Harvard, Yale, Princeton da MIT ba sa bayar da na farkon. Idan sun ɗauki ɗalibi, sukan duba abin da gidansu ke samu, su cike giɓin da ya rage, ko daga Tudun Wada ya fito.

Saboda haka nauyin aikin yana kan takardun gida, kuma a ganina nan ne yaranmu suka fi yin sakaci. Yawancin jami'o'in suna neman fom ɗin CSS Profile, mai tambayar kuɗin shiga, kadarori da yawan mutanen da ake ciyarwa. Mahaifin da ke da shago a Kasuwar Barci ba shi da takardar albashi, don haka sai ya zauna da littafin cinikinsa da bayanan asusun banki, ya fitar da ribar shekara yadda take, ba ƙari ba ragi.

A tanadi sakamakon WAEC da wasiƙun malamai da wuri, domin wa'adin farko na neman gurbin karatu yakan cika ranar 1 ga Nuwamba, na biyu kuma a farkon Janairu.