Yadda ake fiddo funfunar cikin ganye don neman maganin tarin huka

Ƙannena ƴan iniversite da ke ta tambayata wannan aikin a WhatsApp, ga shi nan sau ɗaya don na gaji da maimaitawa.

Ganye lafiyayye, kore shar, wanda ba tabo ko ɗaya, akwai funfuna zaune cikin namansa ba ta cutar da shi, ita ce endofit. Wasunsu suna haɗa sinadaran da ke hana ƙwayoyin cuta girma. A Tailan an samu wata Phomopsis da ta ba da phomoxanthone A da B, a labo suka taɓa ƙwayar tarin huka, shi ya sa ake ta bin ganyaye.

Ni sabara nike ɗauka tunda tsohinmu da ita suke maganin tari, amma dogon yaro ko kalgo ma sun yi. Tsinko da sassafe, sa a leda mai tsabta, kai labo ranar nan, kada ka bari ya kwana.

To wanki, nan ne aikin duka. Ruwan pampo tukuna ƙurar Yamai ta fita, sannan alkol 70% kamar minti 1, ruwan jabel da aka sirka minti 2 zuwa 3, alkol kuma daƙiƙa 30, ka ɗauraye sau 3 da ruwan da aka dafa a otoklab, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi. In ka daɗe cikin jabel ka kashe ta ciki, in ka yi gaggawa ta bayan ganye ce za ta tsiro maka kana ta murna a banza. Don haka ruwan ɗauraya na ƙarshe ka ɗiga shi a buwat guda daban, wato faifan da ake shuka ƙwayoyi ciki, in wani abu ya tsiro ciki to zubar da duka ka sake, ba ciniki.

Yanka ganyen ƙanana kamar rabin santimita, jera su bisa PDA, abincin dankali da sukari ne, da ɗan kuloramfenikol don bakteriya su sarara maka. Aje a zafin digiri 25 zuwa 28. Bayan ƴan kwanaki za ka ga zare fari kamar auduga yana fitowa daga bakin yankan, wani ya koma toka wani baƙi, kowane ka ɗauke shi zuwa buwat nasa. Wallahi kada ka fara a watan Afirilu in ba ku da gurup, ni wuta ta ɗauke mana kwana biyu, na tarar da buwat ɗina sun bushe sun tsattsage kamar tabki a rani.

Daga nan a shuka ta bisa dafaffiyar shinkafa cikin kwalba sati 3 zuwa 4, a jiƙa da etil asetat, ruwan da ke jawo sinadaran, a tace, a busar, abin da ya rage shi ake gwadawa.

Gwaji kuma ba da ƙwayar tarin huka ta gaske za ka fara ba, wannan sai labo mai matakin tsaro na 3 don iska ke ɗaukarta. Mycobacterium smegmatis ake sawa, ƴar'uwarta ce, tana girma da sauri. A haɗa ta da abin da aka busar, a ɗiga resazurin, wani rini shuɗi, in ya zauna shuɗi ƙwayar ba ta girma ba, in ya koma ruwan hoda to tana nan da ranta.

Kuma don Allah ko ya zauna shuɗi kada a ba kowa ya sha, wasu funfunan guba suke yi mai lalata hanta. Mai tarin da ya wuce sati 2 a kai shi likita a auna majina, maganinsa wata 6 ne.