Yadda ake liƙa zinari a bayan gilashi

Ta bayan gilashi ake aikin, don haka a juye za ka zana haruffan da kake so su fito da zinari. Goge gilashin da garin alli har ruwa ya daina tsayawa ɗigo-ɗigo. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana zinari kamawa.

Narkar da ɓawon kafson magani 2 na jalatin (sinadari mai danƙo da zai riƙe zinarin) a rabin litar ruwan ɗumi mai tsabta. Kada ka ƙara, yawansa ke sa zinarin ya dushe. Jiƙa gilashin da wannan ruwan, ɗora fallen zinarin da lallausan buroshi.

A zafin Garwa da Marwa na arewacin Kamaru ruwan na saurin bushewa, sai ka yi aikin da sassafe, ƙofa a rufe saboda ƙurar hunturu. In ya bushe, murza da auduga, shafa fenti kan haruffan, sannan ka share ragowar zinarin.