Yadda ake samun inshorar gida mai sauƙin kuɗi a Maraɗi bayan an soke ta farko

Takardar sokewa kan zo wa maigida a bazata, ranar da ya kai buƙata ofishin kamfani aka ce masa ai gidansa ya daɗe da fita daga littafinsu. Idan haka ta same ka, kada ka yi fushi ka bar gidan haka nan, musamman in da bashin banki ka gina shi, domin bankuna kan sa inshorar gobara cikin sharaɗin bashin. Ana samun wata, kuma ana samun ta da sauƙi, in an bi abin daki-daki.

Da farko, gano dalilin sokewar, kuma a rubuce. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da suke bin dokar inshora guda, wadda ake kira dokar CIMA, da aka sa wa yarjejeniyarta hannu a Yawunde a 1992. Dalilan da kamfani zai rabu da kai ba su da yawa. Mafi yawa rashin biya ne: tun 2011 sashe na 13 ya hana kamfani ya ƙulla ko ya sabunta inshorar da ba a biya kuɗinta ba, don haka ranar biya na wucewa, kariya ta tsaya. Akwai sokewa bayan asara, wato ka yi gobara ko sata sun biya ka, sai suka ga ka yi musu nauyi. A nan dole su ba ka sanarwar wata 1, su kuma maido maka da kuɗin watannin da suka rage. Mutane da yawa suna barin wannan kuɗi a hannun kamfani don ba su san nasu ba ne. Akwai kuma ƙin sabuntawa a ƙarshen shekara, da sanarwar wata 2. Na ƙarshe shi ne mafi muni, a ce ka faɗi abin da ba haka ba lokacin da kake cike takarda.

Ka je ofishinsu da kanka, da lalama. "Ranka ya daɗe, ba rigima ta kawo ni ba, takardar da ta nuna ranar sokewa da dalilinta nake so, da jerin asarar da kuka taɓa biyana." Wannan takarda ita za ka riƙe a duk inda za ka je gaba. In ka ga an soke ba bisa ƙa'ida ba, akwai sashen sa ido kan inshora a ma'aikatar kuɗi a Yamai da ake kai wa koke, kuma kada ka yi jinkiri, don shekara 2 doka ta ba ka a kan irin wannan magana.

Sai ka gyara abin da ya jawo sokewar kafin ka tunkari kowa. In bashi ne, biya ka karɓi rasi. In gobara ce, duba mafarinta. A gidajenmu galibi waya ce: an ja ƙaramar waya daga ɗakin maigida zuwa shagon ƙofar gida, an ɗora mata firiza da injin walda, ta yi zafi har robarta ta narke ta manne da bango. Kira mai gyaran wuta na kirki ya sake wayoyin, ya sa abin katse wuta, ya rubuta maka takardar aikin da ya yi. Fitar da tukunyar gas daga ɗakin kwana. Jarkokin fetur da ake ajiyewa a zaure kuwa, ko na saye da sayarwa ne ko na babur, ba su da wuri a gidan da ake nema wa inshora. Ɗauki hotunan gyaran da wayarka.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka natsu. Sabon kamfani zai ba ka takardar tambayoyi, kuma sau da yawa akwai tambayar ko an taɓa soke maka inshora, da ko ka taɓa yin asara. Zuciya za ta ce ka rubuta a'a, wa zai sani? Kada ka yi. Sashe na 18 ya ce wanda ya ɓoye gaskiya da gangan, inshorarsa ta ɓaci tun daga tushe, kuɗin da ya biya kuma sun zama na kamfani. Sai ka shekara biyar kana biya, ranar da wuta ta ci gidan a binciko tsohuwar magana, ka tashi ba gida ba diyya. Ko da kuskure ne ba ganganci ba, sashe na 19 ya ba su damar rage diyyar gwargwadon abin da ka biya da abin da ya kamata ka biya. Haka nan ka faɗi irin ginin yadda yake: na siminti ne, na ƙasa ne, ko na ƙasa da aka yi wa shafen siminti, rufin kwano ne ko na kankare, akwai shago a jiki ko babu, akwai ƴan haya ko babu. Wanda ya zo da takardar sokewa a hannun dama da takardar gyara a hannun hagu ya fi samun a saurare shi.

Kada ka tsaya ga kamfani ɗaya. Akwai Leyma, CAREN, SUNU, NIA da wasunsu, akwai kuma dillalan inshora masu lasisi da za su zagaya maka su kawo farashi daban-daban. Nemi aƙalla uku, kowanne a rubuce, a kan bayani iri ɗaya. In kana da mota, fara da inda ka yi mata inshora, ka ce kana so a haɗa da gida, sannan ka nemi ragi kai tsaye. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, ya tambayi takaful, wato inshorar Musulunci, domin CIMA ta yi mata doka tun 2019.

Ta ina ake rage kuɗin? Hanya ta farko, zaɓi abin da kake tsoro da gaske. Tsarin da ake kira "multirisque habitation" yakan haɗa gobara, sata, ɓarnar ruwa, fashewar gilashi da haƙƙin maƙwabta, wato diyyar ɓarnar da ta tashi daga gidanka ta shafe su. Gidan da ba shi da manyan tagogin gilashi bai buƙatar wannan ɓangare. Gobara da haƙƙin maƙwabta kuwa kada ka taɓa su, don a tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo, inda katanga ke jingine da katanga, wutar gidanka ta maƙwabcinka ce. Hanya ta biyu, yarda ka ɗauki kaso mafi girma na kowace asara da kanka. In ka ce jika 100 na farko naka ne, kuɗin shekara yakan sauka. Ka dai zaɓi adadin da za ka iya fitarwa ba tare da ka sayar da akuya ba. Hanya ta uku, kada ka sa kuɗin fili a lissafi, fili ba ya ƙonewa. Abin da za a kashe a sake tayar da ginin shi ake sawa, kuma magini zai iya ƙiyasta maka.

Akwai hanyar da take kama da dabara amma asara ce, wato rage darajar gidan. A ce sake gina shi zai ci miliyan 20, kai kuma ka rubuta miliyan 10 don kuɗin ya ragu. Wuta ta yi ɓarnar miliyan 4, to miliyan 2 za a ba ka, saboda rabin gidan ka sa a inshora.

Maganar ruwa kuma sai an yi ta a fili. Garin nan ya san ambaliya tun 1945, lokacin da Gulbi ya ci tsohon gari aka hau tudu, kuma daminar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a jihar nan. Abin da takarda ke kira "dégâts des eaux" galibi fashewar famfo ne da yoyon rufi. Ruwan sama da ya taru ya shigo ta ƙofa, ko kwazazzabo da ya ci gindin katanga, sau da yawa ba ya ciki sai an ƙara shi da sunansa. Tambayi wakilin: "Malam, in ruwan Agusta ya kayar da katangata, za ku biya? Nuna mini layin." In babu layin, ka san abin da ka saya.

Ranar biya, biya a ofis ko ta hanyar da kamfanin ya amince da ita, ka karɓi rasi mai hatimi da kwafin yarjejeniyar. Ɗauki hotonsu ka tura wa uwargida ko babban ɗanka, don takardar da ke cikin akwati tare da gidan take ƙonewa. Ba su lambar waya da adireshin da za a same ka, ka sa ranar sabuntawa a wayarka da wata 2 kafin lokaci, kana ware kuɗin kaɗan-kaɗan. In ka buɗe shago a jikin gidan ko ka ƙara bene, sanar da su cikin kwana 15. In asara ta zo, kwana 5 na aiki gare ka ka kai rahoto, sata kuwa awa 48.