Yadda Ake Tafiyar da Rashin Barci a Wasan Dungeons & Dragons

Duk wanda ya taɓa jagorantar Dungeons & Dragons, wasan tebur da jagora ke ba da labari kowane ɗan wasa kuma yana tafiyar da jaruminsa a ciki, ya san wannan rigimar. Dare ya raba a cikin labari, jarumai sun wuni suna bin sawun 'yan fashi a daji, sai wani ɗan wasa ya miƙe ƙafa ya ce, "Ni jarumina ba zai kwanta ba, gadi zai yi har gari ya waye." Gobe ma haka, jibi ma haka. Yana da bakin faɗa, tunda shi yana kan kujera da kofin shayinsa, ba idonsa ke yaji ba. Idan ka ƙyale shi, dare ya tashi daga aiki a wasanka. Ga yadda nake bi da lamarin a fitowa ta biyar ta dokokin wasan, wadda aka buga a 2014.

Da farko, ka riƙe ƙa'idar dogon hutu

Dogon hutu awa 8 ne aƙalla. A ciki jarumi zai yi barcin awa 6, sauran awa 2 kuma ya yi abin da ba ya gajiyarwa: karatu, hira, cin abinci ko gadi. Idan aka katse shi da aikin ƙarfi na awa guda, kamar tafiya ko faɗa, sai a koma farko. Ba a cin moriyarsa fiye da sau ɗaya a awa 24. Da shi ne lafiyar jarumi ke cika, yawancin masu tsafi kuma su dawo da ƙarfin da suka ƙarar. Shi ya sa mai tsafi ba ya wasa da barci. Mai takobin da bai ji ciwo ba shi ne ke yi maka taurin kai.

Na biyu, ka sanar da doka tun kafin dare ya yi

Babban littafin 'yan wasa bai fayyace hukuncin ƙin barci ba. Littafin Xanathar's Guide to Everything na 2017 ne ya kawo doka, kuma ta zaɓi ce, ba dole ba. Duk awa 24 da ta wuce jarumi bai kammala dogon hutu ba, zai jefa dais mai fuska 20, ya haɗa da makin juriyar jikinsa. Ranar farko ana neman 10. Kowace rana ta biyo baya sai a ƙara 5, wato 15, 20, 25. Wanda ya kasa, ya hau mataki ɗaya na galabaita. Da zarar ya samu dogon hutu, lissafi ya koma 10.

Duba yadda abin yake a aikace. Jarumi mai ƙarin maki 2 yana bukatar 8 ko fiye a daren farko, damarsa kashi 65 cikin 100 ke nan. Dare na biyu ta sauko 40, na uku 15. Na huɗu kuwa ko 20 ya jefa, 22 zai samu, bai kai ba. To ka ga dare ɗaya caca ce mai sauƙi, dare huɗu kuwa babu makawa.

Amma ka faɗa musu tun a zaman farko. Na taɓa ɓoye dokar sai da safiya ta yi a labari na ce kowa ya jefa dais. Wata 'yar wasa ta ajiye fensirinta ta ce, "Da ka faɗa mana ai da mun kwanta." Gaskiyarta. Daga ranar, kafin su yanke shawara nake cewa, "Kuna iya kwana ido biyu, amma da safe akwai jifa, 10 ake nema."

Na uku, ka bi matakan galabaita a hankali

Matakai shida ne, kuma suna taruwa, na baya ba ya sauka don na gaba ya zo. A na ɗaya, duk gwajin iyawa sai ya jefa dais biyu ya ɗauki ƙaramin. A na biyu saurinsa ya rabu biyu. A na uku wannan jifa biyun ta shafi kai hari da jifar kare kai, wato wadda ake yi don tsira daga wani haɗari. A na huɗu iyakar lafiyarsa ta koma rabi, a na biyar ko taku ɗaya ba ya iyawa, na shida kuma mutuwa ce.

Mataki na uku ne tarko, domin gwajin rashin barcin kansa yana cikin jifar kare kai. Wanda ya kai nan, gangara ce kawai. Sabuwar fitowar 2024 ta sauƙaƙa lissafin: kowane mataki yana rage 2 daga jifar dais mai fuska 20 da ƙafa 5 daga sauri, mutuwa tana nan a na shida. Ka zaɓi ɗaya, kada ka gauraya su.

Wani zai kawo maka zancen Randy Gardner, yaron nan ɗan shekara 17 na San Diego a Amurka da ya yi kwana 11 bai runtsa ba, ya kammala a farkon 1964. Ka ce masa haka ne, amma shi ba sulke ya sa yana kokawa da dodanni ba.

Na huɗu, ka sa su ji gajiyar, kada ta tsaya a takarda

Nan ne aikinka na jagora. Maimakon "ka hau mataki ɗaya", ka ce: "Kana zaune bakin wuta, kanka ya yi ƙasa, ka zabura. Itacen da ka sa yanzu ya zama toka. Ba ka san tsawon lokacin da ka ɗauka ba." Ka bar shi ya ga kututture ya ɗauka mutum ne a tsugune. Ka sa ya ɗaura sirdi a karkace, ko ya kira abokinsa da sunan ƙanensa da ya rasu. Barci ɓarawo ne, a nuna shi yana sata. Ɗan wasan da ya ji haka da kansa zai nemi wanda zai karɓe shi.

Kuma ka ba su dalilin da zai sa ƙin barcin ya zama zaɓi mai nauyi: maƙiya na bayansu da tazarar rabin wuni, ko maganin da za su kai gari kafin kwana uku. In babu abin da ke korarsu, bar su su kwanta, ka wuce da jimla ɗaya.

Na biyar, rabon gadi da rama barci

Mutum huɗu, awa bibbiyu, kowa ya samu hutunsa cikakke. Idan akwai ɗan jinsin elf (wata halittar almara mai kama da mutum) a cikinsu an huta, domin su ba sa barci, zurfin tunani na awa 4 ya ishe su, sai ya ɗauki gadi mai tsawo.

Sauka daga galabaita kuwa ba ta sauri. Kowane dogon hutu mataki ɗaya yake cirewa, shi ma sai an ci an sha. Wanda ya kai na uku, kwana uku ke gabansa. A dokar Xanathar, wanda ya kwana da sulke matsakaici ko mai nauyi ba ya sauka ko mataki ɗaya. Saboda haka idan mai takobin nan ya ce zai kwanta a shirye don tsoron farmaki, ka tuna masa cewa cire sulke mai nauyi minti 5 ne, mayar da shi minti 10, sannan ka tambaye shi wanne ya zaɓa.